Kifin Inna Yelwa

"Wace mai tsabtar ce ta wanke wa kifi gida da sabulu?"

Kubura tana madafa ta jiyo tambayar daga bakin Yaya Sagir, babban wan mijinta. Ta leƙo, ta raɓe jikin ƙofa.

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya ɗauke wa surukarta Inna Yelwa magana, ba ta karɓar abinci sai a gaban akwatin gilashin da jan kifinta ke yawo. Ga shi masu sharar Sallah sun zubar da tsohon ruwan kaf, sun cika akwatin da na famfo. Kifi ya kwanta a gefe guda yana haki. Inna ta ture kwanon kunu.

'Ya'yanta uku suka tashi.

Sagir ya sunsuna ruwan, ya ce maganin da ake zubawa a ruwan famfo ne ke ƙona kifin. Ya bi gida-gida yana sallama, har ya samo ruwan da ya kwana a randa, ya huce, warin ya fita.

Mudi, mai bi masa, ya nufi bola. Ya tono tsohon soson tace ruwan akwatin da aka jefar, kore shar da gansakuka.

"Yaya, ƙazanta za ka mayar?" in ji ƙaraminsu.

"Kai dai matsa. Rayuwar ruwan a cikin ƙazantar nan take."

Shi kuwa ƙaramin, Tasi'u mijin Kubura, ya ga babu wutar lantarki, injin da ke hura wa ruwan iska ya tsaya. Ya durƙusa da ludayi, yana rage ruwan famfo, yana tsiyayo na randa daga sama kaɗan-kaɗan don kumfa ta tashi, har hannunsa ya sage. Bai sauya ba, bai huta ba.

Can sai kifin ya karkaɗa jela. Ya miƙe, ya ratsa ruwan kamar garwashi mai rai. Kubura ta ce a ranta, ikon Allah!

Sai ga muryar da aka daɗe da fid da rai da ita, a shaƙe: "Allah ya yi maka albarka."

Kowannensu ya juyo, kowa na cewa da shi take. Inna ba ta ƙara ba, ta jawo kwanonta.

Kubura kaɗai ta ga fuskar da idon Inna ya sauka a kai cikin gilashin. Ta ja mayafi, ta ƙudura ba mai ji daga bakinta, ko mijinta.

To jama'a, da mai ruwa, da mai soso, da mai ludayi, wa ya fi cancantar wannan albarka?