Ƙarar da Baban Mazin Ya Yi Ta Jira

Akwai wani matashi a nan Maskat mai suna Mazin, na san shi tun yana tsayawa bakin titi jiran tasi. Da Allah ya buɗa masa, bai zame ko'ina ba sai wajen masu sayar da motoci. Ya ɗauko wata 'yar ja mai kujera biyu, irin mai gudun nan da cikinta ke kusan shafar kwalta. Tun daga bakin layi ƙararta ke sanar da unguwa cewa Mazin ya dawo.

Motar ba ta da tayar ko-ta-kwana. Haka aka ƙera ta, babu ma wurin sa wa. Abin da aka ba shi a madadi wata 'yar baƙar jaka ce a ƙasan but. A ciki akwai ƙaramin famfon iska, da kwalbar ruwan gam da ake ɗura wa taya ya toshe huda, da ɗan makullin da idan babu shi ba a kwance notin tayoyin.

Yayansa Khalfan, wanda ke zaune da mahaifinsu a wani ƙauye kusa da garin Mahut, can bakin teku, ya zo birni ya ga motar. Ya zagaya ta, ya buɗe but, ya leƙa.

"Ina tayar?"

"Yaya, wannan fa ba akori-kurarka ba ce. Ba a sa mata."

"To, in ta yi faci a hanyar gida fa? Ka san daga garin Sinaw babu kowa sai raƙuma."

Mazin ya ɗaga wayarsa yana dariya. "Kira ɗaya, motar janwe ta zo. Zamani ya wuce kwanciya a ƙarƙashin mota."

Khalfan ya ce, "Ko ba komai, jakar nan kada ta bar motar. Ka ƙara da abin toshe huda da jarkar ruwa."

"An ji, ranka ya daɗe," in ji Mazin, irin jin da ke shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu.

Sallah ta zo. A wajenmu ba a zuwa gida hannu rabbana, kuma kowane gida na dangi da kwanonsa na halwa, alewar nan tamu mai maiƙo: na Baba, na gwaggo, na kawu, na maƙwabta. But ɗin motar kuwa bai fi akwatin tafiya ba. Kwano na ƙarshe ya ƙi shiga. Mazin ya zaro baƙar jakar, ya cilla ta bayan ƙofar ɗakinsa, kwanon ya zauna daram.

Ya je lafiya ya dawo lafiya, kuma wannan ne ya cuce shi. Bai sake tuna jakar ba.

Mahaifin nasu, Baba Nasib, tsohon masunci ne da idanunsa suka yi rauni. Duk zuwan Mazin sai ya yi masa faɗan wasa. "Kai da wannan abin naka, ka firgita mini awaki. Mota ce ko tsawa?" Yana faɗa yana murmushi, yana lalubo kan ɗan nasa.

Ana tsakiyar zafi, wata safiya, ƙanwarsu Zuwaina ta kira.

"Yaya Mazin, jikin Baba ya tsananta. Tun asuba sunanka yake kira. Ka taho yanzu, don Allah."

Ya zura farar rigarsa, ya ɗauki makullin mota, ya fita. Ya wuce ta gaban jakar nan bai ko kalle ta ba.

Gaskiya ya yi gudu. Ya wuce Sinaw hantsi bai gama ɗagawa ba, ya shiga hanyar da babu inuwa ko ta itace ɗaya. Can sai wata 'yar fitilar gargaɗi ta kama a gabansa, motar ta fara ja gefe.

Ya tsaya ya duba. Ƙusa ce, 'yar ƙarama, kanta na ƙyalli a tsakiyar tayar baya, iska na fita a hankali. Irin hudar da ruwan gam ɗin nan ke toshewa kafin mutum ya gama shan kofin gahawa.

Ya buɗe but. Babu komai sai tabon man halwa da ya zuba tun Sallah.

Sai da ya hau wani ɗan tudu ya samu sabis. Masu janwe suka ce suna nan tafe, ba za su jima ba.

A hanyar nan ba a wuce mota a tsaye. Wani dattijo mai suna Humaid, da akori-kurarsa ta dakon kifi, yana komawa bakin teku, ya taka birki. Ya sauko da tasa tayar, suka gwada da ido, ko kusa ba ta dace ba.

"To mu kwance taka, na kai ta wajen mai faci," in ji dattijon. Ya sa sifana, noti ɗaya ya ƙi kamuwa. "Wannan na da makulli. Ina yake?"

Mazin ya sunkuyar da kai. "Yana Maskat, Kawu."

"Ina za ka haka da rana tsaka?"

Ya faɗa masa sunan ƙauyen, ya ce Baba Nasib ne ba lafiya.

"Nasib masunci? Ai ta bakin ƙauyenku zan bi. Kulle ta ka shigo, kafin azahar kana gabansa."

Mazin ya dubi akori-kurar. Ruwan ƙanƙara na ɗiga daga bayanta, ƙarnin kifi ya cika wurin. Ya dubi farar rigarsa. Ya dubi jar motarsa tana walƙiya a rana.

"Kawu, in na bar ta a nan raƙuma za su goge mata jiki. Masu janwe sun ce sun kusa."

"Ɗana, mahaifinka na kiranka, kana tsaye kana gadin ƙarfe?"

"Yanzu za su iso. In sun gyara, ni zan riga ka zuwa ma."

Dattijon ya juya wajen akori-kurarsa. Ya ajiye masa gorar ruwa a kan motar, ya ce Allah ya ba Nasib lafiya, ya ja motarsa ya tafi.

Wannan wurin ne ke ƙona mini rai duk lokacin da na tuna labarin. Mantuwar jaka kowa na iya yi. Amma Allah ya aiko masa da mafita har inda yake, ya mayar da ita saboda ƙarni.

Rana ta take. Janwe shiru. Ruwan gorar ya yi zafi, ya ƙare. Da haƙurinsa ya gaza sai ya tada motar ya ce zai lallaɓa a haka. Bai yi nisa ba tayar ta yayyage, ƙarfen ya fara cin kwalta. Inda ya tsaya yanzu ko sabis babu.

Bayan la'asar wata babbar mota mai dakon ciyawar raƙuma ta tsaya. Wannan karon bai tambayi wari ba, bai ko waiwayi jar motar ba, ya haye.

Suna shiga inda ake samun sabis saƙonni suka yi ta shigowa a jere. Ya kira Khalfan.

"Baba ya cika bayan azahar kaɗan," in ji Khalfan. Muryarsa a dashe take. "Mun jira ka har la'asar, mun yi ta kira ba ya shiga. Ka san zafin nan, ba a ajiye gawa. Mun kai shi."

Ya isa ana shirin magariba. Maza na zaune a ɗakin zaman makoki, ana zagayawa da gahawa da dabino. A cikin sahun masu gaisuwa ya hango Humaid mai kifi, da ƙurar maƙabarta a ƙafafunsa. Ashe Humaid ya biyo ne ya gaida tsohon abokin sana'arsa, ya same shi da sauran numfashi, ya tsaya har aka sallace shi. Dattijon ya kama hannun Mazin ya yi masa ta'aziyya.

A cikin gida Zuwaina ta tare shi, idanunta sun kumbura.

"Ya yi magana?" in ji Mazin. "Ya bar mini wani saƙo?"

"Bai bari mu rufe taga ba," ta ce. "Mun ce zafi na shigowa, ya ce a bar ta, shi ba ya gani amma ya san ƙarar motarka. Duk motar da ta wuce sai ya ɗaga kai ya saurara, ya ce a'a, ba ta Mazin ba ce. Ta ƙarshe da ya ji, ta mai kifin nan ce."

Darasi: Kafin ka kama hanya, buɗe but ɗinka ka tabbata abin gyaran taya na nan, musamman in motarka ba ta da tayar ko-ta-kwana. In kuma ta tsaya da kai alhali wani naka na jiranka, ka bar ta ka hau duk abin da Allah ya kawo. Mota tana jira, rai ba ya jira. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai masu tuƙi, wataƙila wani ya tashi ya ɗauko tasa jakar daga bayan ƙofa yau.