Ranar da Aka Taya Garin Sarki Gambo

A zamanin da, wani dogarin Sarki Gambo ya taya riga a kasuwa, tayi bai kai ba, falke ya ce masa "albarka", kamar yadda kowane mai kaya kan ce in bai sallama ba. Sarki ya ji, ya fusata, ya sa aka yi shela: daga yau duk wanda aka taya wa kaya ya sallama, wanda ya ce albarka a sare kansa.

Waziri Jatau ya faɗi ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wanda ba shi da ikon hanawa ba ya kawo kayansa kasuwa." Sarki ya kau da kai.

Fatake suka sake hanya. Marina ta bushe, maƙera suka yi ƙaura. Amma abin da ya hana Waziri sukuni shi ne kasuwar ba ta watse ba. Kullum cike take da baƙin fuskoki, ba gardama, ba dariya, ba ko kukan jaki. Duk wanda ka taya sai ya ce, "Na sallama." In ka kai kayan gida ka kwance, toka ce.

Sarki bai yarda ba, Waziri ya roƙe shi su je da kansu, rana tsaka. Suna shiga Waziri ya dubi ƙasa. Duk taron nan babu mai inuwa sai su biyu.

Wata tsohuwa mai daddawa ta ɗago kai. "Maraba da mai gari. Garin nan naka ne?"

"Nawa ne."

"To, na taya. Da ganuwa, da rijiyoyi, da 'ya'yan da ke goye. Ga tafin toka."

Kasuwa duka ta juyo tana kallonsu. Sarki ya dubi Waziri.

Waziri ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, doka taka ce. Ko ka sallama, ko ka ba da kanka, ko ka janye ta."

Tsohuwa ta miƙo hannu daga inda take zaune, hannun yana ta ƙara tsawo.

Sarki ya ɗaga murya: "Na janye! Albarka, iya, albarka!"

"Ashe bakinka ya iya," in ji ta. Guguwa ta taso ta wuce, sai rumfuna wayam.

Kafin su isa fada an buga gangar shela cewa an janye dokar. Bayan damina ayari ya sauka a ƙofar gari da kanwa da gishiri. Madugu bai yarda an kwance kaya ba sai da Waziri ya fito da kansa ya rantse masa.