Faifan da Ya Fitar da Mamuda

Ku gyara zama, akwai maganar da nake so ku raba mini. Ni dai zan faɗi yadda aka yi, hukunci naku ne.

A Tudun Gayya akwai wani mai gyaran babur, Mamuda. Wata ranar kasuwa aka tare 'yan tireda a hanya da hantsi, aka yi musu fashi, aka sari ɗaya. Wanda aka sara ya rantse ya ga Mamuda a cikin ɓarayin, sai aka kama shi. Mamuda ya ce a wannan lokacin yana Rafin Zomo wajen ɗaurin auren ɗan kawunsa. Amma duk shaidunsa danginsa ne, kotu ba ta gamsu ba. Alƙali ya ce in akwai hoton bidiyo a kawo, amma a faifan DVD guda, don shi kaɗai na'urar kotun ke karantawa, kuma shi za a ajiye a matsayin shaida. In zama na gaba ya zo babu, zai yanke hukunci da abin da ke gabansa.

Mamuda yana da abokai uku: Barau, Shitu da Ilu.

Barau ne ya hau babur ya bi mahalarta bikin gida-gida. Ba a ɗauko mai kyamara ba a auren, kowa da wayarsa ya ɗauka. Wasu sun goge, wasu sun sayar da wayar, wasu da jin kalmar kotu sai su ce ba su je ba. Ya yi ta lallashi har ya tara guntayen bidiyo masu yawa. Na ƙarshe a wayar wata tsohuwa ya same shi, ƙaramar waya mai madannai, sai da ya bi ta har ƙauyen da 'yarta ke aure.

Shitu yana da kwamfuta a shagonsa na tura waƙoƙi. Da ya zuba guntayen sai ya ga kowanne da irinsa. Na manyan wayoyi MP4 ne, na tsohuwar 3GP, wani ma kwamfutar ta ƙi buɗe shi sam. Wani a kwance yake, wani ba murya, wani murya ta riga hoto. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana juya su zuwa tsarin da faifan DVD ke karɓa, yana kiyaye na asali kada a ce an yi coge. A nan ya lura da matsala: inda ake jin maroƙi yana shelar rana da wata da lokaci, ba a ga Mamuda ba, inda fuskarsa ta fito sarai, babu murya. Ya yi ta maimaita kallo har ya ga wani farantin goro da ya kife ana tsakiyar shela. Kifewar ta fito a duka biyun, kuma a marar muryar, wato na wayar tsohuwar, Mamuda ne ya duƙa yana tsincewa. Ya jera su yadda kowa zai gane lokaci ɗaya ne.

Ilu mai gyaran rediyo da talabijin ne, shi ke da injin buga faifai. Na farkon da ya buga ya yi a kwamfuta lafiya lau, Shitu ya ce an gama. Ilu ya ce:

"Kwamfuta ba za ta je kotu ba. Bari mu ji ta bakin tsohuwar na'ura."

Ya saka shi a wata da aka kawo masa gyara, ta tofo shi. Ya canza irin faifan, ya rage gudun bugawa, ya rufe shi yadda ba za a ƙara komai a kai ba, sannan ya zaga unguwa yana gwadawa a na'urorin mutane har ya sami wanda ba wadda ta ƙi shi. Ranar zama ruwa ya cinye gadar da ke kan hanya, motoci suka tsaya. Ilu ya naɗe faifan a leda, ya ɗaura a ka, ya ratsa rafin ruwa iya ƙirji, ya isa kotu a jiƙe ana shirin kiran shari'ar.

Aka kunna, alƙali ya kalla, ya sa aka maimaita wurin goron. Wanda aka sara ma ya kalla, ya sunkuyar da kai ya ce wataƙila kama ce ta ruɗe shi. Aka sallami Mamuda.

Bayan wani lokaci matarsa Hansatu ta haifi namiji. Mamuda ya ce sunan ɗaya daga cikin abokan nan zai sa wa yaron. Wani ya ba da shawarar a haɗa sunayen, mahaifiyar Mamuda ta ce:

"Jikana ba zai ɗauki suna uku ba. Zaɓi guda."

Abokan ba wanda ya roƙa. Mutanen gari ne suka rabu. Wasu suka ce ba don Barau ba, da Shitu ba shi da abin juyawa. Wasu suka ce abin da Barau ya kawo tarkace ne, Shitu ne ya mai da shi shaida. Wasu kuma suka ce shaidar da ba ta buɗe a gaban alƙali ba, da ita da babu duk ɗaya.

To, gobe suna, liman zai tambaya. Ku da kuke zaune a nan, sunan wa za a raɗa wa yaron?