Akwatin Kwalliyar Yaya Barira

Yaya Barira, akwatin kwalliyarki yana nan ƙarƙashin gadona. In na buɗe, ƙamshin hodarki ke fara fitowa, sai in rufe da sauri kada ya ƙare. Kafin ki rasu kin ce in ba wa wadda ta fi riƙon amana cikin ƙawayenki uku, amma ba ki kama suna ba. To ga abin da ya faru ranar bikin ƙanwarmu Sakina.

Su ukun suka zo a madadinki: Kubura mai gyaran fuska, Tabawa mai ɗaurin ɗankwali, Lantana mai zanen lalle. Kamar ke, babu mai shago a cikinsu. Waya, jaka da suna mai kyau, shi ke nan abin da suke ci da shi.

Bayan la'asar aka gama shiri, aka lulluɓe Sakina, aka zaunar da ita a ɗakin Inna. Kafaɗunta na rawa, wani siririn sauti na fita ta ƙarƙashin mayafi. Gwaggonni suka yi ta tsokanarta: "Kukan me kuma, 'yar nan? Mu muka zaɓar miki shi?" Ana ta dariya. Amarya ai da kuka aka san ta, kuma ba ta magana.

Kubura har ta kai zaure, wata amaryar na jiranta a wata unguwa. Sai ta tuna ƙa'idarki, cewa ba a tafiya sai an sake duba fuskar amarya bayan kukan farko. Ta dawo ta ɗaga mayafin. Idanun Sakina sun kumbura har gashin idon da aka manna mata ya nutse. Kubura ta goge jambakin da yatsa, ta ga leɓen ya koma launin toka. Ashe ba kuka take ba, numfashi ne ke neman hanya. Da Kubura ta wuce, da a zaune za a tarar da gawar Sakina, cikin ado.

Ɗaki ya rikice. Gwaggo Delu ta tare ƙofa, ta ce kambun baka ne, a kawo garwashi da turare, kuma amarya ba ta barin gidan ubanta sai a motar miji. Ni ina tsakar gida, ban taɓuka komai ba, Yaya, don wannan sautin na taɓa jin sa a ƙirjinki. Tabawa ta ce, "Gwaggo, ki matsa yanzu, gobe kya dake ni." Ta warware ɗankwalin da ta sha wahalar naɗa wa amarya, ta goya Sakina ta ɗaure da shi. Motocin biki sun toshe layinmu, sai ta bi lungu, ta faɗa kwata ta fito babu takalmi, har bakin titi inda ta tare adaidaita da jikinta.

A asibiti aka yi ta tambaya, me ta ci, me ta sha, me aka shafa mata? Kowa na cewa ba komai. Lantana kaɗai ta sani. Dangin ango sun aiko cewa suna son zanen ya fito baƙi ƙirin a hoto, ita kuma ta zuba rinin gashi cikin kwaɓin lallen, ba wanda ya gani. Matan da suka biyo mu kuwa su ne masu kiranta aiki. Ta dubi Sakina, ta dube su, ta ciro kwalbar rinin daga jaka.

"Ni ce," ta ce. "Wannan na sa mata."

Aka yi wa Sakina allura, aka wanke hannayen. Na tsaya ina kallon ƙirjin Sakina yana ɗagawa da ƙyar, ina roƙon Allah kada Inna ta sake zaman makoki a kan tabarmar da ta yi naki. Can ya fara sauka a hankali.

Sakina ta rayu. Zanen ya bar mata tabo, furanni har gwiwar hannu. Amaryar da Kubura ta bari tana jira ta yaɗa ta a waya cewa ba ta cika alkawari. Gwaggo Delu ba ta amsa gaisuwar Tabawa, wai ta fitar mana da amarya titi kai ba ɗankwali. Lantana kuwa wayarta ta yi shiru tun ranar, kuma ba ta iya haɗa ido da ni.

Akwatin ɗaya ne, Yaya, kuma har yau ban gaya wa kowa wasiyyarki ba, ko Inna. Na tambaye ki kin yi shiru, sai in juya ga waɗanda za su ji wannan labari. Ga wadda ta dawo ta gani, ga wadda ta goya ta gudu, ga wadda hannunta ya jawo, bakinta kuma ya ceta. To, wace ce a cikinsu zan miƙa wa akwatin?