Sabuwar Roba a Ƙofar Tsohuwar Mota

Akwai wani mutum mai gyaran famfon burtsatse, wanda aikinsa yake kai shi ƙauyuka masu nisa. Da 'ya'yansa suka girma suka kama gabansu, sai ya sayi wata tsohuwar bas, ya cire kujerun, ya sa gado da ɗan teburi da risho, ya mai da ita ɗaki. Matarsa kuwa ta ce ba za ta zauna ita kaɗai tana gadin gida ba, sai suka riƙa tafiya tare. Duk garin da aiki ya kai su, sukan tsaya a gindin itace, shi ya nufi famfo da jakar kayan aikinsa, ita ta ɗora tukunya, matan garin su zo hira. Suna jin daɗin wannan zama ƙwarai.

Mutumin nan yana kula da motarsa. Kowace safiya yakan duba mai da ruwa, ya zaga ya bubbuga tayoyi, ya kasa kunne ga kukan inji. Amma akwai wata baƙar roba da ta kewaye bakin ƙofar da suke shiga, ita ce take toshe tsakanin ƙofa da jikin mota idan an rufe. Rana ta daɗe tana dukanta har ta bushe ta tsattsage, ta ƙasa ma ta ɓalle tana reto.

Matar ce ta fara lura, gama gefenta na gado ne yake kusa da ƙofa. Ta faɗa masa iska tana shigowa. Ya ce ai roba ce kawai, ba ita take jan mota ba. Ya yago tsumma ya cusa a wurin. Ta sake faɗa bayan wata guda, ya ƙara wani tsumman.

Ana nan damina ta sauka. Wata rana da azahar aka yi ruwa mai ƙarfi da iska, shi yana fake a zauren mai gari. Da ruwa ya ɗauke ya komo, ya tarar da matarsa tana kwashe ruwa da kwano daga cikin mota. Katifa ta jiƙe, garin tuwonsu ya zama kunu. Ba ta yi masa faɗa ba. Amma katifar ta ƙi bushewa, mura ta kama matar, murar ta koma tari. A rana ta biyar ta ce masa, “Maigida, in mun koma gida ka bar ni can har damina ta wuce. Ƙirjina ba zai ɗauki wannan sanyi ba.”

Maganar ta sosa masa rai, domin bai san yadda zai yi tafiyar nan ba tare da ita ba. Suna isa gida ya kai ta asibiti aka duba ta, ya wuce kasuwa ya sayo sabuwar roba da gam. Da yake yana sauri, sai ya manna sabuwar a bisa tsohuwar. Ƙofa ta ƙi rufuwa sai an buga ta da ƙarfi. Kafin kwana uku sabuwar ta ɓalle, ta ɗebo ɓarɓashin tsohuwar a jikinta.

Sai ya tafi wurin wani tsoho mai gyaran jikin mota, ya nuna masa, yana kukan an sayar masa da gam marar kyau. Tsohon ya juya robar a hannunsa, ya ce, “Gam ɗinka ya kama sarai. Abin da ya kama ne ruɓaɓɓe. Sai ka cire tsohuwar duka, ka ga abin da yake ƙarƙashinta.”

Mutumin ya zauna a inuwar rumfar tsohon ya fara ɓamɓarewa da wuƙa. Da ya kai ƙasan ƙofa sai ya ga tsatsa ta cinye ƙarfen, saura kaɗan ya huje. Tsummokin da ya cusa ne suka riƙe danshi a wurin. Ya kankare har farin ƙarfe ya fito, ya shafa fenti, ya jira ya bushe. Aikin da ya zaci na rabin sa'a ne ya cinye masa yini. Da ya zo manna robar, tsohon ya gargaɗe shi kada ya ja ta don ta kai da wuri, gama in aka ja ta za ta koma yadda take ta bar kafa. Ya bi ta a hankali da babban yatsa har ta zagayo. Suka rufe ƙofar, suka bar ta har washegari.

Da matarsa ta ji sauƙi, ya roƙe ta ta shiga ta zauna a gefenta na gado. Ya rufe ƙofa, ya kwara wa ƙofar bokitin ruwa uku daga waje. Da ya buɗe, ya tarar tana shafa ƙasan motar tana murmushi, ko ɗigo babu. Ya ce, “Sau biyu kika faɗa mini ban ji ba. Ki yafe mini.” Ta ce komai ya wuce, ta tambaye shi wane gari ne na gaba.

Sun ƙarasa daminar tare. In hadari ya taso sukan ja ƙofa, su zauna suna shan kunun gyaɗa, ruwa yana dukan rufi.

Ma'anar wannan misali ita ce, motar nan gidanka ce, da kuma zuciyarka. Da yawa cikinmu muna kula da inji: muna zuwa sujada, muna waƙa, muna aiki don iyali su ci su sha. Wannan yana da kyau. Amma a bakin ƙofa akwai ɗan abin da ya lalace, muna cewa ai ƙarami ne. Ga wani, gatse ne a bakinsa; ga wani, ƙaramar ƙarya ce; ga wani kuma, fushi ne da ya riƙe tun bara. Tsummokin kuwa su ne hujjojin da muke cusawa, “haka halina yake,” “gajiya ce.” Hujja ba ta tare ruwa, ɓoye ɓarna take yi.

Sabuwar roba a bisa tsohuwa ita ce alkawarin gyara hali ba tare da tuba ba. Ba ya kwana uku. Ubangiji yana so mu ɓamɓare tsohon hali duka a gabansa, mu furta abin da muka gani a ƙarƙashi, mu bar shi ya tsabtace, ya sa nasa sabon hali a hankali. Ba aikin gaggawa ba ne, amma bayansa akwai salama a cikin gida, ko ana ruwa a waje.

Ku kuma tuna, 'yan'uwa, mai motar ba shi ya fara jin sanyin ba. Akwai wanda yake kwana kusa da ƙofarka, mace ko miji, ɗa ko maƙwabci, wanda ya riga ya faɗa maka inda iska take shigowa. In kun koma gida yau, ku tambaye shi, ku yi shiru ku ji amsarsa.