Raunin da Ke Baya

Akwai wani jarumi a rundunar Romawa, shugaban sojoji, mutum mai ji da kansa, kuma yana da dalili. In ya shiga gidan wanka, inda Romawa kan taru su yi hira, ba ya gaggawar mai da riga, don kowa ya ga tabban da ke ƙirjinsa. A wurinsu tabo a ƙirji abin alfahari ne. Rauni a baya kuwa abin kunya ne, gama cewa za a yi mutum ya ari na kare.

Wata rana ya komo daga yaƙi da raunuka biyu, sara a dantse da kan kibiya a baya. Ya je wurin likitan sansani, ya miƙa masa dantsen kaɗai.

Likitan nan gwani ne ƙwarai. Ya dafa ƙarafunsa a ruwan zafi, ya wanke raunin da ruwan inabi mai tsami, ya ɗinke, ya shafa zuma, ya naɗe da ƙyallen lilin. Sa'an nan ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai wani wurin kuma?"

Jarumin ya ce, "Babu."

Dantse ya warke sarai, amma mai dantsen sai ramewa yake yi. Zazzaɓi ya kama shi, ya daina zuwa gidan wanka, ba ya iya kwanciya sai rub da ciki. Tsoro ya cika shi, ba na mutuwa ba, na bakin mutane.

Da likitan ya zo duba shi, tun daga ƙofa ya ji wari. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ba alƙali ba ne. Ka tuɓe, ko kuwa a binne ka da rigar nan."

Jarumin ya tuɓe, ya sunkuyar da kai don kunya.

Likitan ya tsaga wurin, ya sa hantsaki ya zaro ƙarfen, ya daɗe yana duban hanyar da ya bi. Ya ce, "Na sha ɗinke bayan waɗanda suka gudu, tasu kibiyar a miƙe take shiga. Wannan daga wajen wuya ta gangara. Abokan gaba kake fuskanta, ka sunkuya. Wa ka rufe da jikinka?"

Jarumin ya ce, "Mai riƙe tutarmu ne ya faɗi." Sai hawaye suka zubo masa.

Da ya warke ya koma gidan wanka. A ranar, baya ya fara juya wa mutane, don su ga tabon.

Ma'anar wannan misali ita ce, Yesu shi ne Likitan nan. Mu ma mukan kawo masa raunin da ba ma kunyarsa, mu ce, "Ubangiji, ciwon ƙafa ne," mu rufe wanda ke cin ranmu, don tsoron abin da za a faɗa bayan an tashi sujada. Shi kuwa ya san ta inda kibiyar ta shiga. In gudu ka yi, zai wanke ya ɗinke. In don ɗan'uwanka ka sha ta, zai shaide ka. Kada ku ji kunyar juya masa baya ya duba, 'yan'uwa, gama nasa bayan ma ya sha bulala saboda ya rufe mu.