Ilu Mai Faci da Kafaɗar Gaje

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya, wani bawan Allah mai facin taya a bakin tasha, ana ce masa Ilu. Ba malami ba ne, ba mai hali ba ne. Ku saurara da kyau.

Matarsa Tabawa ta sha doguwar naƙuda. Kafaɗar jaririyar ta maƙale, da ƙyar aka ciro ta, jijiya ta taɓu. Yarinyar, Gaje, ta tashi hannun damanta yana reto, ba ya ɗaguwa. Da ta yi wayo aka yi mata aiki a kafaɗa a asibitin birni. Ranar sallama, ma'aikaciyar gashin ƙashi ta ce, "Malam, namu ya ƙare, saura naku. Kullum a ɗaga hannun nan, a juya shi a hankali yadda na nuna. Za ta yi kuka. In kuka bari, kafaɗar za ta sandare, aiki ya tashi a banza."

Tabawa ta gwada, ta kasa. Ta ce, "Malam, zuciyata ba za ta iya ba."

Ya ce, "Kawo ta."

To, jama'a, nan jarrabawar take. A da, Gaje ce ke tarbarsa a zaure da gudu. Yanzu da ta ji sallamarsa sai ta shige bayan randa. Ya ɗauko ta, ya ɗaga hannun, ya juya, tana ihu. Safe da yamma, safe da yamma. Maƙwabta suka ce mutumin nan ba shi da imani. Mahaifiyarsa ta kira shi, ta ce, "Ilu, ƙyale 'yar nan. Wanda ya ba ta hannun shi ya karɓe."

Ya durƙusa ya ce, "Inna, ki gafarce ni. Shi ne kuma ya kawo maganin."

Wata rana yarinyar ta dube shi ido cikin ido, ta ce, "Baba, ba na son ka."

Kun san me ya ce? Ya ce, "Na ji, uwata. Miƙo hannun."

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Ba zan ce muku hannun ya koma daidai da ɗan'uwansa ba. Har ta girma yana da ɗan gajarta. Amma ranar da Tabawa ke koya mata salla, Gaje ta ce Allahu Akbar, hannu biyu suka tashi tare har kunne. Ilu yana bakin ƙofa yana alwala. Ya gani, ya ce alhamdulillahi, ya ci gaba da wanke ƙafarsa.

'Yan'uwa, haƙuri ba naɗe hannu ba ne. Haƙuri shi ne ka dage kan abin da zai amfani naka, ko da naka ya ƙi ka a kansa. Da yawanmu likita ya ce mu riƙa motsa wa ɗa hannu, muka daina don ya yi kuka, muka ce tausayi ne. Kukan yau yana bushewa, kafaɗar da ta sandare sai an tsufa da ita. Kowa ya koma gida ya duba wace amana ya ajiye don gudun ɓacin ran yaro. Allah ya ba mu ikon ɗauka.